Yadda tiyon remok ya sa na koyi ɗaure ƙarfe a cikin kwamfuta

Remok ta farko, wato tirelar da tarakta ke ja, mai juye kaya da kanta da muka ƙera a garejin kawuna nan Garwa, ko sati uku ba ta cika a hannun mai ita ba tiyo ya tsinke. Yashi yake ɗiba da ita daga bakin Binuwai, ranar ya kai wani shantiye, wato inda ake gini, wajen Jambutu, akwatin ya kusa kai ƙarshen tashi kenan sai mai ya kama feshi ta ƙasa, direban tarakta ya kashe inji ya kira mu. Da muka je na ga tiyon ya zare ne daidai wuyan rakor, wato kan ƙarfen da ake ɗaura tiyo da shi, inda aka matse shi, wayoyin ciki duk sun fito waje sun yi tsaye kamar tsintsiya. Allah ya sa tiyon sama ne, wanda mai ke komawa ta cikinsa lokacin ɗagawa, da na ƙasa ne mai riƙe da nauyi to akwatin da sauran yashin za su dawo ne gaba ɗaya, kuma akwai yaro tsaye a gefe da shebur a hannu. Ni na auna tiyon nan da hannuna. Na auna shi akwatin yana kwance, na ƙara taƙi ɗaya nace ya isa, ban tsaya na tambayi kaina ina bakin beren zai koma in akwatin ya miƙe ba. Abin ya daɗe yana cin raina wallahi.

Ga wanda bai san kalmar ba, beren shine abinda 'yan uwanmu na Najeriya ke ce wa jak, ganga ce da sanda a cikinta, mai ya tura sandar ta fito ta ɗaga kaya. Namu mai baki biyu ne, ɗaya a gindi ɗaya a can sama, wato mai ne ke fitar da sandar mai ne kuma ke mayar da ita.

Da watan Maris ya kama wani Alhaji na Pitowa ya zo yana son irinta, taki zai riƙa kaiwa gona da ita, in babu aikin gona kuma yashi. Sai nace wa kawu, "Kawu, wannan karon dan Allah ka ba ni kwana huɗu kafin a yanka ko ƙarfe ɗaya, in haɗa ta a kwamfuta tukuna in ga tana tashi tana sauka." Ya ɗan yi shiru yace, "To ɗana, amma ka sani Alhaji ya riga ya ba da kafin alƙalami." Kwana tara na ci, kuma bai taɓa ɗaga min murya ba, kullum da safe dai zai tambaya ina aka kwana.

A makaranta a Gaundare SolidWorks muka taɓa, manhajar zana kayan inji a kwamfuta, amma kuɗin lasisinsa ba na ƙaramin gareji irin namu ba ne, shi yasa na sauke FreeCAD tunda kyauta ce, kuma na yi sa'a domin tun watan Nuwamba na 2024 da suka fitar da siga ta 1.0 sashen haɗa kaya yana nan a cikinta, ba sai ka nemo ƙari daga waje ka liƙa ba kamar yadda ake yi a da. Laftof ɗina tsohuwa ce, da rana a zafin Garwa na Maris fanka take ta kuka har ta mutu da kanta, sai na mayar da aikin dare, bayan isha'i in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in ɗora ta kan bulo biyu iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Wuta kuma kun san halinta, duk minti goma nake adana aiki.

Zana ƙarafan ɗaya ɗaya bai ba ni wahala ba. Shasi, akwati mai tsawon mita 3, gangar beren, sandar beren, kunnuwa, wato ƙarafa masu huda da ake maƙala beren a jikinsu, da aks ɗinsu, sandar ƙarfen da ke ratsa hudar, dare biyu na gama. Beren ɗin daga wajen masu sayar da tsofaffin kayan inji muka samo shi, na auna shi da kyau: daga ido zuwa ido, wato hudar kai da ta gindi, a rufe mili (milimita) 900, a buɗe 1500, wato tafiyarsa 600, faɗin cikin gangar 100.

Inda aiki ya fara shine haɗawa. Abinda ya kamata mutum ya riƙe a kai shine duk wani ƙarfe da ka jefa cikin filin haɗawa yana shawagi ne a iska, yana da hanyoyin motsi shida. Ɗauki sifana ka riƙe a hannu ka gani, za ka iya kai ta gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, uku kenan, kuma za ka iya juya ta ta fuska uku, shida kenan. Duk ɗaurin da ka sa yana kashe wasu daga cikin shidan ne. Na fara da kafe shasi, nace wannan ƙasa ce ba ta motsi. Sannan na haɗa akwati da shasi a baya da ɗaurin da a Faransanci muke ce wa pibo, irin na hinjin ƙofa, yana kashe biyar ya bar juyi ɗaya tak. Na kama akwatin da maus na ja, ya tashi ya sauka. Gindin ganga da kunnen shasi, pibo. Sanda a cikin ganga, gilisiye, wato zamewa kawai ba juyi, shi ma biyar yake kashewa. Har nan komai lafiya lau. Saura ɗauri na ƙarshe, idon sanda da kunnen da ke ƙarƙashin akwati, na sa pibo nan ma tunda a ido na aks ne ke wajen.

Daga nan komai ya ƙame. Na ja akwatin ya ƙi motsi, na sake ja sai sandar ta yi tsalle ta koma wani waje daban, saƙo ya fito cewa lissafin ɗauri bai warwaru ba. Na goge na sake ya fi sau biyar a daren nan. Washegari a gareji ina wanke hannu sai darasin da malaminmu ya yi mana kan abinda ake kira ifastatik ya faɗo min, wato ɗaure abu fiye da yadda yake buƙata. Na ɗauki alli na yi lissafin a jikin ƙofa. Ƙarafa uku ne ke motsi, akwati, ganga, sanda, uku sau shida 18. Ɗauri huɗu kowanne yana cin biyar, 20. Kaga na ci bashin biyu, alhali ina son a bar min motsi ɗaya, wato ɗauri uku sun yi yawa, maimaici ne. Shi maimaici ba ya hana aiki in duk awon ya yi daidai cif, kwamfutar za ta iya wucewa da shi, amma in akwai saɓani ko na mili ɗaya ne to ka ba ta umarni biyu masu karo da juna. Da na koma na duba, kunnen sama ya kauce gefe da mili 2 daga layin kunnen ƙasa, saboda ɗaya na auna daga bayan ƙarfe ɗayan kuma daga tsakiya. Pibon ƙasa yana cewa beren ya tsaya nan, pibon sama yana cewa a'a ya matso mili 2, ita kuwa ba ta san guduma ba. Mu a gareji da an buga sau biyu ya shige, kuma wannan bugun ne ke sa beren ya riƙa aiki a karkace har robar bakinsa ta fara zubar da mai bayan wata shida.

Da farko na wuce gona da iri wajen sassautawa, na sa rotil a duka kan biyu, irin ƙwallon nan na sitiyarin mota da ke juyawa ko ta ina. Akwatin ya motsa kam, amma sai gangar ta riƙa murɗawa a kan kanta duk sanda na ja, bakin tiyo da ya kamata ya kalli sama sai in same shi yana kallon ƙasa, kuma ni bakin nan ne nake son in san inda yake a kowane lokaci. Abinda ya zauna a ƙarshe: pibo a gindi, gilisiye a tsakiya, a sama kuma pibo mai zamewa, wanda ke barin idon sanda ya juya a kan aks kuma ya ɗan zame gefe. Na gyara mili biyun nan ma duk da haka. Kuma na rubuta a takardar aiki cewa a bar sarari na mili 3 kowane gefe tsakanin idon sanda da kunnuwan sama, domin abinda na sassauta a kwamfuta dole in sassauta shi a ƙarfe, in ba haka ba zanen wani abu daban ne remok wani abu daban.

Sai iyaka. Na sa wa gilisiyen cewa beren ba ya gajarta ƙasa da 900 ba ya wuce 1500. Na sa wa hinjin baya daga digiri 0 zuwa 50, saboda sau ɗaya na ja da sauri sai akwatin ya ratsa shasi ya koma ƙasa yana kallon rami, kuma a lissafi hakan ma daidai ne, tsawon beren ɗaya ne ko akwatin na sama ko na ƙasa, ita ba ta san ƙarfe ba ya ratsa ƙarfe ba sai ka faɗa mata.

A nan na fara cin ribar wahalar. Inda na sa kunnen sama da farko, mili 1300 daga hinji, beren ya buɗe har ƙarshe amma akwatin digiri 35 kawai ya kai. Busasshen yashi zai zube a haka, amma taki mai danshi ko yashin da aka kwaso da ruwa a jiki zai manne, sai an hau da shebur. Na matso da kunnuwan duka biyu baya, a 1050 ya ba ni kusan 42, a 950 ya ba ni kusan 46. To amma ba a banza ake samun wannan ba, duk matsowar da ka yi kusa da hinji ƙarfin da beren ke buƙata a farkon tashi ƙaruwa yake, kamar ka tura ƙofa daga kusa da hinjinta. Na ɗauka kaya da akwati tan 3 ne, tsakiyar nauyin mita 1.2 daga hinji. A 1300 beren zai tura kamar tan 8 da ɗan kai, a 950 ya haura tan 11. Gangar mai faɗin 100 tana da fili santimita murabba'i 78.5, kenan ana neman matsin mai na bar 140 da 'yan kai, mu kuma da muka ɗaura agogon awo a taraktar Alhaji ta ba mu kusan 180. Ya isa, amma na ninka ƙarfen da ke ɗauke da kunnen ƙasa, domin tan 11 ɗin nan a kansa yake sauka.

Yanzu tiyo, wanda dominsa na fara duk wannan.

Abu na farko da kwamfutar ta nuna min ya sa jikina ya yi sanyi. Gangar tana kwance a digiri 19 in akwati na ƙasa, in ya tashi ta koma kusan 41. Bakin sama yana mili 700 daga aks ɗin gindi, kenan yana yin tafiyar kusan santimita 26. A remok ta farko ma kusan haka abin yake, ni kuma taƙi ɗaya na ƙara, taƙina bai fi santimita 20 ba, ga lanƙwasa na cin nata. Ashe tun ranar farko tiyon nan a miƙe yake kamar tsirkiya duk sanda aka juye kaya, sati ukun ma ya yi ƙoƙari.

Na zana layi mai lanƙwasa daga bakin bututun da ke jikin shasi zuwa bakin ganga, na bi shi da da'ira mai faɗin mili 19 ya zama tiyo, na shafa masa baƙi. Ya yi kyau ƙwarai. Na canza tashin akwati na sa ta sake lissafi, tiyon ya bi bakin gangar ya sake lanƙwasa mai kyau. Na yi murna sosai, da safe na kai wa kawu laftof ɗin har kan teburin walda. Ya sa tabarau ya kalla, nace ga shi a ƙasa, ga shi a sama. Sai yace, "Madalla. To tsawonsa nawa ne, me zan ce wa mai matse tiyo?" Na auna a gabansa. A ƙasa 640. A sama 870.

Tiyo ɗaya ne, tsawo biyu. Wanda ke kan allo miƙewa yake kamar danƙo, duk inda ka kai bakinsa zai bi ka kuma ba zai taɓa nuna maka ya ji jiki ba, na gaske kuwa roba ce da saƙar waya ninki biyu a ciki, yadda aka yanka shi haka yake. Da na tsaya a kan kyan hoto, da kuskuren da na yi da tef shi zan sake yi da kwamfuta, wannan karon ma da ƙarin tabbaci a zuciyata.

Wani abokina a Marwa da ke aiki da SolidWorks ya gaya min su suna da sashen jan bututu da tiyo inda za ka kafe tsawon ka ce kar ya canza, amma a babban lasisi yake. Ni dai dole in nemo hanya da abinda ke hannuna. Na fara gwada sa tiyon a cikin haɗin in ɗaura bakinsa da bakin ganga kamar sauran ƙarafa, nan na faɗa wani rami, siffar tiyo ta dogara da inda ganga take, inda ganga take kuma ya koma yana jiran tiyo, kowa na jiran kowa. Daga ranar na riƙe ƙa'ida ɗaya, tiyo mabiyi ne, shi ke kallon ƙarafa, ba a ɗaura komai a jikinsa.

Tunda duk motsin remok ɗin a fuska ɗaya yake, in ka tsaya a gefenta kana ganin komai, sai na buɗe zane shimfiɗaɗɗe guda ɗaya na yi ƙashin bayan abin da layukan taimako, masu fitowa shuɗi: layin shasi, layin akwati, layin beren, ɗigo a inda kowane baki yake. Kusurwar akwati na ɗauko ta daga teburin lissafi, in na rubuta 30 a can sai duk ƙashin ya koma 30. Tiyon kuma na zana shi da layi na sosai, guntun miƙaƙƙe, baka, miƙaƙƙe, baka, kowanne yana shiga na gaba sumul ba gwiwa. Amfanin haka shine layukan taimako ba sa shiga cikin siffar zanen, saboda haka in na rubuta sunan zanen da Shape.Length a teburi, tsawon tiyon kaɗai yake ba ni. Nan ma na yi tuntuɓe, na sa wannan awon a teburin da ke ba da kusurwa, ta ƙi, domin teburin na ciyar da zane zanen kuma na ciyar da teburin. Sai na buɗe teburi na biyu, ɗaya na bayarwa ɗaya na karɓa, shikenan ya tafi.

Kafin in ci gaba na je wajen mai matse tiyo na karanta rubutun da ke jikin wanda za mu saya, EN 853 2SN, mai faɗin ciki mili 10, wanda a kasuwa ake ce wa uku bisa takwas. Katalog ya ce yana ɗaukar bar 330, kuma kar bakan lanƙwasarsa, wato rabin faɗin da'irar da yake bi, ya yi ƙasa da mili 130. Wannan 130 ɗin daga cikin lanƙwasa ake auna shi, ni kuma layin da na zana tsakiyar tiyo ne, dole in ƙara rabin kauri, ya zama 140. Bayan rakor kuma a bar shi ya tafi a miƙe kamar ninki biyu na kaurinsa kafin ya fara lanƙwasa, na sa 40, domin daidai wuyan nan ne na farko ya mutu. Abu na uku wanda da yawa cikinmu ba mu sani ba, in mai ya cika tiyo da ƙarfi tsawonsa na iya ƙaruwa da kashi 2 cikin ɗari ko ya ragu da har kashi 4, wato tiyo mai mita ɗaya zai iya rasa santimita 4 daidai lokacin da yake aiki.

Na tsayar da tsawon tiyon a mili 950. Aikin ya zama na haƙuri: in sa kusurwa 0, in riƙa matsa zurfin lanƙwasar da hannu har teburi na biyu ya nuna 950, in karanta bakan nawa ya zama, in rubuta a littafi. In sa 15, in sake. 30, 46. A sama lafiya. A ƙasa kuwa bakin biyu sun matso kusa da juna, ragowar tiyon dole ta sami inda za ta je, in na tura ta ƙasa sai ta sauko ƙarƙashin shasi inda kututture da dutse za su same ta a hanyar gona, in na tura ta sama akwati ya danne ta a kan ƙarfen gicciye, in na matse ta a tsakani bakan ya sauko 95. Na rage tsawo, sama ta ƙi. Na sa rakor mai gwiwa, ya ɗan gyaru ya kai 110, bai kai ba. Dare uku ina wannan juyi, har na fara tunanin ko in canza wajen beren ɗin gaba ɗaya.

Ranar Juma'a muna dawowa daga masallaci ta wajen Rumde Ajiya sai ga wata katafila mai haƙa an ajiye ta a bakin hanya. Na sha wuce irinta ban taɓa kula ba, ranar dai idona na kan tiyo. Na tsaya na leƙa, sai na ga daga bakin sama na kowane beren bututun ƙarfe ne ya biyo jikin gangar ya sauko har gindi, tiyon roba daga nan gindin yake farawa, kusa da aks, inda motsi kaɗan ne. Na tsaya a wajen har ƙanena ya ce, "Yaya, lafiya?" Nace lafiya lau, mu je gida.

A daren na gwada. Ɗigon da ke mili 80 daga aks, tafiyarsa santimita 3 ce kacal, maimakon 26. Na sa rakor mai gwiwa a bakin sama yana kallon gindi, tiyon ya kwanta a jikin ganga, koliye biyu, wato zobban ɗaurewa, suka riƙe shi, sai a gindi ya sake ya yi lanƙwasa ɗaya kamar ƙaho ya shiga bututun shasi. Sakakken ɓangaren 620 ne, daga 0 har 46 bakan bai sauko ƙasa da 150 ba. Koliye na ɗaurawa na zaɓa masu roba a ciki, ba walda a jikin ganga, domin zafin walda na iya karkata cikinta ya ƙona robobin. Tsakanin koliye biyun kuma na bar ɗan sako-sako saboda kashi huɗun nan.

Akwai abu ɗaya da zanen gefe ya ɓoye min sai da na mayar da tiyon cikin cikakken hoto na kalle shi daga sama. Bakin bututun shasi na sa shi a jikin dogon ƙarfen gefe, mili 200 daga layin beren, kenan duk tashin da ganga za ta yi tiyon ba lanƙwasa kawai zai yi ba, murɗewa zai riƙa yi kamar ana matse wanki, kuma saƙar waya ba ta son murɗa ko kaɗan. Na ɗauke bakin na mayar da shi kan ƙarfen gicciye, layi ɗaya da beren.

Duk da haka ban yarda na kai awo wajen matsewa ba sai da na gwada a ƙasa. Muka share simintin gareji, na zana gindin beren da bakin bututu da alli a girmansu na gaske, sau biyu, na kwance da na tashe. Na yanka kwali mai bakan 130. Yara biyu suka riƙe tsohon tiyo irin wannan a kan alamomin, ni kuma ina cusa kwalin a cikin lanƙwasar. Tiyo na gaske ba ya bin baka mai tsafta irin na zane, ya fi matsewa a waje ɗaya ya saki a wani, a zanen tashe ya matse kusa da bakin bututu har kwalin ya shiga da ƙyar. Na ƙara mili 30. Kawu yana tsaye yana kallo, yace wannan gwajin ya fi kwanta masa a rai, nace ni ma haka, amma ba don kwamfutar ba da ban san inda zan sa allin ba.

Mai matse tiyo na ba shi tsawon daga bakin rakor zuwa bakin rakor a rubuce, kai ɗaya mai gwiwa ɗaya miƙaƙƙe mai juyawa, don kar a sami rigimar ina gwiwa za ta kalla bayan an matse. Wajen ɗaurawa na riƙe da sifana biyu, ɗaya na riƙe tiyo ɗaya na ɗaure noti, ina kallon layin rubutun da ke jikinsa, in ya fara nannaɗewa to ya murɗe, a kwance a sake. Ranar gwaji muka tokare akwatin da ƙarfe kafin kowa ya sa kai a ƙasa, kuma na hana yaran shafa tiyo da hannu don neman yoyo, kwali ake karawa, mai a bar 150 in ya fito ta ƙaramar kafa yana huda fata ya shiga nama, kuma ciwo ne na asibiti a take. Muka loda yashi muka ɗaga. Na kara waya a jikin akwatin ta nuna 45. Na durƙusa daga gefe ina kallon lanƙwasar nan ta gindi, ta ɗan buɗe ta ɗan rufe, ba ta taɓa komai ba.

Bayan wata ɗaya na hau mashin na je Pitowa ranar kasuwa don in gan ta. Tiyon lafiya, babu gogewa ko ɗaya, amma robar koliyen sama ta yi laushi da zafi ta zame rabi, na cire na yanka tsohon tib na mota na naɗa ninki biyu na sake ɗaurewa. A nan ne direban ya nuna min tiyo biyun da suka taso daga bayan tarakta zuwa remok, yace in ya karya kwana sosai ta hagu ɗaya na shafar taya. Waɗannan ban zana su ba sam, kuma su ba a fuska ɗaya suke motsi ba, tarakta na juyawa dama da hagu, tana hawa tudu remok na gangare, zanen gefe ba zai ɗauke su ba. Na auno tsayin wajen jan, da nisan bakunan mai daga aks, da iyakar kwanar da taraktar ke iya karyawa kafin taya ta kusa taɓa ƙarfen ja, suna nan a littafi. Kafin in gama zanen na ɗaure masa su da igiyar roba a jikin wani ɗan sanda da muka kafa a kan ƙarfen ja, nace ya riƙa buɗe kwanar hagu tukuna.